Ɗage Shiga Jami'a Bayan Samun Gurbi: Al'adar Shekarar Sararawa a Amurka da Ingila

Maƙasudin wannan lacca shi ne a yi bayani a kan wata al'ada ta neman ilmi mai zurfi wadda ta yi ƙarfi a Ingila da Amurka, wadda kuma ta fara shafar iyalai a Nijeriya da maƙwabtanta saboda yawan 'ya'yan da ake turawa karatu waɗannan ƙasashe. Al'adar kuwa ita ce ɗalibi ya nemi jami'a, a ba shi gurbi, sa'an nan ya rubuta wa jami'ar ya roƙi a ajiye masa gurbin har shekara guda, domin ya yi wani abu dabam kafin ya shiga aji. Ga wanda ya saba da yadda ake gumurzun neman gurbi a Nijeriya, wannan magana sai ta yi kama da ƙoshi, ko ma butulci. To, amma abin yana da tarihi, yana da ƙa'idoji, kuma abin da ake sa wa a faifai ba ƙarami ba ne, domin ya haɗa da gurbin da aka sha wuya kafin a samu, da dukiyar iyaye, da shekara guda ta ƙuruciya wadda ba ta dawowa.

Ya kamata tun da fari a tsai da kalmomi, domin Hausa ta bambanta abubuwa uku da akan cakuɗa. Wanda ya fasa, ya bar abu ke nan. Wanda ya yi jinkiri, lokacin abu ya yi bai aikata ba, ko da dalili ko babu. Ɗagewa kuwa ba a yin ta sai da sanin duk waɗanda abin ya shafa, kuma sai an tsai da wani lokaci, kamar yadda alƙali kan ɗage zaman shari'a ko dangi su ɗage ranar biki. Batun wannan lacca ɗagewa ne, ba jinkiri ba, kuma za a ga cewa a kan wannan bambanci ne kusan dukkan amfani ko hasarar al'adar ya rataya. Ita shekarar da ake samu a tsakani, Turawa suna kiranta da kalmar da ke nufin giɓi. A nan za a kira ta shekarar sararawa, ko da yake sunan bai dace ɗari bisa ɗari ba, tun da wasu masu yin ta sun fi shan wahala a cikinta fiye da yadda za su sha a aji.

Karɓar Sammako

Ba za a fahimci nauyin ɗagewa a Amurka ba sai an san yadda ake ɗaukar ɗalibai a can. Babu wata hukuma guda mai rarraba gurabe, irin JAMB da aka kafa a Nijeriya a 1978. Kowace jami'a ita ke zaɓen ɗalibanta da kanta. Ɗan ajin ƙarshe na sakandare yakan aika da takardunsa wajen farkon Janairu, ya sami amsa a ƙarshen Maris ko farkon Afrilu, kuma yana da sarari har ranar 1 ga Mayu ya zaɓi guda daga cikin jami'o'in da suka karɓe shi. Karatu kuwa sai ƙarshen Agusta ko farkon Satumba.

Ban da wannan hanya ta gama-gari akwai wata ƙofa da akan buɗe tun da wuri, wadda za a kira karɓar sammako. Mai bin ta yakan aika da takardu ranar 1 ko 15 ga Nuwamba, ya ji sakamako a tsakiyar Disamba, watau tun yana da kusan rabin shekara bai gama sakandare ba. Karɓar sammako iri biyu ce. Akwai marar ɗauri, wadda ko an karɓi ɗalibi yana da ikon ya jira har Mayu ya gwada da sauran wurare. Irin wannan jami'o'in Harvard da Yale da Princeton da Stanford suke yi, illa dai sun gindaya sharaɗin kada mai nema ya yi sammako a wata jami'a mai zaman kanta. Sai kuma mai ɗauri, wadda jami'o'i irin su Columbia da Cornell da Brown da Dartmouth da Duke suke yi. A wannan, ɗalibi da mahaifinsa ko mahaifiyarsa da malamin da ke ba da shawara a makarantarsa duk sai sun sa hannu a takarda cewa in aka karɓe shi zai zo, kuma zai janye duk takardun da ya aika wasu wurare. Abin da ya fi kama da shi a al'adar Bahaushe shi ne baiko: ba a ɗaura aure ba tukuna, amma an rufe ƙofa ga sauran masu nema, kuma manya sun shiga maganar.

Wannan alkawari ba irin wanda ake kai ƙara kotu a kansa ba ne. Abin da ke tsare shi mutunci ne da tsoron abin da zai biyo baya. Makarantar da ɗalibanta suka cika karya alkawari, jami'o'i sukan ɗauke mata kai a shekaru masu zuwa, don haka malamin shawara yakan ƙi aika takardun ɗalibin zuwa wani wuri. Har wa yau wasu jami'o'i sun kasance suna musayar sunayen waɗanda suka karɓa da sammako, abin da ya sa Ma'aikatar Shari'a ta Amurka ta yi bincike a kai a 2018. Uzurin da kowa ya yarda da shi guda ne, watau in tallafin kuɗin da jami'a ta bayar bai isa iyali su iya ɗaukar sauran nauyin ba.

Me ya sa matashi zai yarda ya ɗaure kansa haka? Dalili shi ne ƙofar sammako ta fi faɗi. A littafin da Christopher Avery da Andrew Fairbanks da Richard Zeckhauser suka wallafa a 2003, bayan nazarin takardun masu nema a manyan jami'o'i, sun gano cewa yin sammako yana ƙara wa ɗalibi damar da ta yi daidai da ƙarin maki kimanin 100 a jarrabawar SAT, wadda jimlar makinta 1,600 ne. Su kuma jami'o'i suna son tsarin domin yana tabbatar musu da cewa wanda suka kira zai amsa. Masu suka sun daɗe suna cewa tsari ne da ya fi amfanin 'ya'yan masu hali, domin ɗan talaka ba zai iya ɗaure kansa da jami'a guda ba kafin ya ga wadda za ta fi ba shi tallafi. Saboda wannan hujja Harvard ta ba da sanarwar soke karɓar sammako a 2006, Princeton ta bi sahunta, amma da suka ga sauran jami'o'i ba su biyo ba, sai dukansu biyu suka komo da ita a 2011.

Akwai wani ruɗani da ya kamata iyaye su kiyaye. Kalmar Ingilishi da ake amfani da ita wajen ɗagewar da ɗalibi ya roƙa, ita ce dai jami'a kan rubuta wa mai sammako in ta ƙi yanke hukunci a kansa a Disamba ta mai da takardunsa cikin na gama-gari. Wannan na biyu ba shi da gurbi a hannu ko kaɗan, jiran hukunci yake yi har Maris.

Yadda Ake Neman Ɗagewa

Ɗagewa alfarma ce da jami'a kan yi, ba haƙƙi ba ne na ɗalibi. Tsarin da aka fi bi shi ne ɗalibi ya fara karɓar gurbin a rubuce, ya biya kuɗin kafin alƙalami inda ake biya, sa'an nan ya aika da wasiƙar roƙo, galibi tsakanin Mayu da Yuni. A cikin wasiƙar ana so ya bayyana abin da zai yi da shekarar dalla-dalla: aikin albashi, ko aikin sa kai, ko koyon wani harshe, ko jinyar wani nasa, ko neman lafiyar kansa. Wasiƙar da ta ce kawai ɗalibi ya gaji yana so ya huta ba kasafai take gamsar da jami'a ba. Akwai dalilan da akan ba shekara 2 saboda su, musamman aikin soja na tilas, kamar yadda yake kan samarin Singafo da Koriya ta Kudu, ko hidimar addini irin ta mabiya ɗarikar Mormon.

In jami'a ta yarda, sai ta gindaya sharuɗɗa, kuma biyu daga ciki su ne ƙashin bayan maganar. Na farko, kada ɗalibi ya yi rajistar karatun digiri a wata jami'a cikin shekarar. Wanda ya ga zama ya ishe shi, ya shiga wata kwaleji kusa da gida ya tara darussa, yana iya wayar gari ya tarar an daina lissafa shi sabon ɗalibi, an mai da shi mai neman sauyin makaranta, gurbinsa da tallafinsa duk sun tashi. Na biyu, kada ya nemi wata jami'a da gurbin nan a aljihunsa. A nan ne ɗagewa take haɗuwa da karɓar sammako mai ɗauri ta zama abin da ya kamata a yi wa dogon tunani. Matashin da aka karɓa a Disamba, in ya ɗage, ba zai shiga aji a Agusta mai zuwa ba sai na bayansa, watau wata 20 ke nan yana ɗaure da shawarar da ya yanke yana ɗan shekara 17. Babban abin da ake yabon shekarar sararawa da shi kuwa shi ne tana sauya tunanin matashi, ta buɗe masa ido. To, in idon ya buɗe ya ga ba wannan jami'a ko wannan fanni yake so ba, hanyar da ta rage masa ta mutunci ita ce ya rubuta ya saki gurbin gaba ɗaya, ya koma layi tare da sababbin masu nema, ba tare da tabbacin komai ba. Ke nan tsarin yana ba matashi shekarar da zai sake tunani, amma ya hana shi aiki da abin da tunanin ya haifar, kuma wannan saɓani ne da masu tallan al'adar ba su cika ambata ba.

Jami'o'i sun bambanta ƙwarai wajen amsa wannan roƙo. Harvard ta daɗe tana ƙarfafa wa waɗanda ta karɓa guiwa su ɗage, kuma a shekarun baya da babu wata fitina ɗalibai tsakanin 80 zuwa 110 sun riƙa yin haka. Manyan jami'o'in jihohi kuwa, irin na Kalifoniya, ba kasafai suke yarda ba sai da uzuri mai ƙarfi. Dalilin bambancin lissafi ne. Jami'ar da ke da dogon layin masu jiran gurbi ba ta hasarar komai, domin tana cike gadon da aka bari nan take. Sai dai kowane gurbi da aka ajiye, an rage shi ne daga rabon 'yan shekara mai zuwa. An ga iyakar wannan lissafi a 2020, lokacin annobar korona, sa'ad da aka mai da karatu ta intanet. A Harvard kaɗai sababbin ɗalibai wajen 340 suka ɗage, watau kimanin kashi ɗaya cikin biyar na ajin, har ya zama ajin da ya shiga a 2021 ya cika fiye da kima.

A Ingila abin ya fi sauƙi, domin hukumar UCAS, wadda aka kafa a 1993, ta tanadi wuri a takardar nema inda ɗalibi zai nuna tun farko cewa gurbin baɗi yake so, ba na bana ba. Sharaɗi dai shi ne ya cika makin da aka nema a shekarar da ya yi nema. Amma ko a can ra'ayin malamai ya danganta da fanni. Malaman lissafi a Cambridge an san su da rashin son ɗagewa, domin a ganinsu lissafi kamar wuƙa yake, in aka ajiye sai ya dakushe, alhali malaman injiniya sukan yi maraba da wanda ya yi shekara a masana'anta.

Asalin Al'adar

Wasu marubuta sukan kai asalin abin ga yawon buɗe ido da 'ya'yan sarakunan Ingila suka riƙa yi zuwa Faransa da Italiya a ƙarni na 17 da na 18. Wannan nasaba ce mai daɗin faɗa, amma tushen da ya fi kusa yana cikin ƙarni na 20. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu samarin Birtaniya sun kasance suna yin aikin soja na tilas, da yawansu tsakanin sakandare da jami'a, har aka daina kiran sababbi a ƙarshen 1960. Ban da haka, Oxford da Cambridge suna da wata jarrabawar shiga da akan zauna a ƙarshen shekara, bayan an gama jarrabawar babbar sakandare. Wanda ya ci ba zai shiga ba sai Oktoba mai zuwa, don haka sai ya sami kansa da wata 9 babu makaranta. An daina wannan tsari cikin shekarun 1980, amma kafin nan ya riga ya haifar da al'ada.

Ƙungiyoyi suka taso domin cike waɗannan watanni, kuma ta farkonsu tana da alaƙa da wannan yanki na duniya. Alec Dickson, wanda ya kafa cibiyar horon matasa ta Man O' War Bay a gaɓar tekun Kamaru lokacin da ake mulkinta tare da Nijeriya, shi da matarsa Mora suka kafa ƙungiyar VSO a 1958, kuma waɗanda ta fara aikawa ƙasashen waje samari ne da suka gama sakandare suna jiran shiga jami'a. Daga baya ne ta koma aika masu digiri da ƙwararru, irin waɗanda suka koyar a makarantun sakandare da kwalejojin horon malamai na Arewacin Nijeriya. A 1967 aka kafa Project Trust, wadda ta fara da aika matasa Habasha. A Amurka al'adar ta makara. Cornelius Bull ya buɗe ofishin ba da shawara a kanta a 1980, sa'an nan a 2000 shugaban ofishin ɗaukar ɗalibai na Harvard, William Fitzsimmons, da abokan aikinsa suka rubuta wata maƙala da ta yi tashe, inda suka koka cewa yara suna isowa jami'a a gajiye saboda tseren da aka sa su tun suna ƙanana. A 2009 Princeton ta fara aika wasu daga cikin sababbin ɗalibanta aikin sa kai na wata 9 a ƙasashen waje da kuɗinta, kuma Gana tana cikin ƙasashe huɗu na farko. Amma abin da ya shigar da maganar gidajen talakawan Amurka shi ne sanarwar da Fadar Shugaban Ƙasa ta bayar a Mayun 2016 cewa Malia, 'yar Shugaba Obama, za ta shiga Harvard a 2017 bayan ta yi shekara guda a waje da makaranta.

Abin da Bincike ya Nuna

Mai karanta abin da aka rubuta a kan wannan batu zai ci karo da sakamako iri biyu masu karo da juna. Robert Clagett, tsohon shugaban ɗaukar ɗalibai na Kwalejin Middlebury, ya gwada makin waɗanda suka ɗage da makin da aka yi hasashen za su samu bisa takardunsu na sakandare, ya tarar sun zarce hasashen. A ɗaya ɓangaren, Robert Bozick da Stefanie DeLuca sun wallafa nazari a 2005 wanda ya nuna cewa matasan Amurka da suka yi jinkirin shiga kwaleji bayan sakandare sun fi sauran kasa kammala digiri, da rata mai yawa, ko bayan an yi la'akari da halin gidajensu.

Duka biyun gaskiya ne, domin ba mutane ɗaya suke magana a kansu ba. Na farko ya auna masu ɗagewa, watau masu gurbi a hannu da ranar komawa. Na biyu ya auna masu jinkiri, waɗanda akasarinsu rashin kuɗi ko rashin maki ko nauyin iyali ya tsai da su, kuma da zarar mutum ya fara karɓar albashi, ko ya yi aure, ko ya haihu, komawa aji sai ta yi nauyi. Wani rahoto da Claire Crawford da Jonathan Cribb suka rubuta wa Ma'aikatar Ilmi ta Ingila a 2012 ya sami irin wannan rabuwa: masu shirya shekarar tun da wuri sun fi fitowa daga gidajen masu hali da makarantun kuɗi. Rahoton ya kuma nuna cewa mafi yawan masu yin shekarar aiki suke yi a cikin Birtaniya, ba yawon duniya ba, abin da ya saɓa da hoton da jaridu suka saba nunawa. Ko sakamakon Clagett ma sai a karɓe shi da hattara, domin matashin da ke da natsuwar tsara shekara guda ya rubuta wasiƙa mai gamsarwa, mai yiwuwa ne da ma can mai natsuwa ne, ba shekarar ce ta ba shi ba.

Batun gata ya ƙara fitowa fili a shari'ar da aka yi da Harvard a Boston a 2018, inda aka bayyana cewa jami'ar tana da wani jeri na ɗalibai kimanin 50 zuwa 60 a shekara waɗanda ake karɓa bisa sharaɗin su ɗage shekara guda, kuma 'ya'yan tsofaffin ɗalibai da na masu dukiya sun yi rinjaye a ciki. Haka nan aikin sa kai da ake zuwa yi a Afirka da Asiya ya sha suka. A 2007 ita kanta VSO ta fito ta soki kamfanonin da ke karɓar kuɗi masu yawa daga matasa su tura su ayyukan da ba su amfani kowa ba sai kamfanin. Tambayar da ta dace a yi kuwa ita ce wane ilmi ɗan shekara 18 da bai taɓa koyarwa ba zai kai wa ƙauyen da ke da malamai masu takardar shaida suna zaune babu aiki.

Kuɗi da Biza

Lissafin kuɗi shi ne inda iyalai suka fi tuntuɓe. Ajiye gurbi ba ya nufin ajiye farashi, kuma ba ya nufin ajiye tallafi. Tallafin da ake bayarwa bisa ƙarfin iyali sai an sake cika takardunsa a shekarar shiga, da sabon lissafin abin da iyaye suke samu. Wanda ake bayarwa bisa hazaƙa kuwa, wata jami'a takan ajiye shi, wata ba ta ajiyewa, don haka wajibi ne a nemi amsa a rubuce kafin a sa hannu. Ingila ta ba da misali a 2011. Da aka tabbatar cewa kuɗin makaranta zai tashi daga fam 3,375 zuwa fam 9,000 ga masu shiga a 2012, sai yawan masu ɗagewa ya faɗi warwas a shekarar, domin kowa ya ga shekarar sararawa za ta ci masa dubban fam.

Ga ɗalibin da zai fito daga wannan yanki akwai ƙarin haɗari biyu da ɗan Amurka ko ɗan Ingila bai san su ba. Na farko darajar kuɗi. A farkon Yunin 2023 ana canjin dala a kan kimanin naira 460 a farashin hukuma. Kafin ƙarshen Fabrairun 2024 ta haura naira 1,500. Uban da ya tanadi kuɗin shekarar farko da naira ya bar ɗansa ya ɗage a wannan tsakani, ya wayi gari da abin da bai kai sulusin buƙata ba. Na biyu biza. Takardar da jami'a ke bayarwa domin neman bizar karatu tana ɗauke da ranar fara karatu, saboda haka in an ɗage sai an sake fitar da wata, kuma dokokin da za a tarar ba lalle su zama na bara ba. A Yunin 2025 Amurka ta hana 'yan ƙasashe 12 shiga, har da Chadi da Sudan. A Yuli ta rage wa'adin mafi yawan bizar da take ba 'yan Nijeriya da Kamaru zuwa wata 3 da shiga sau ɗaya. A Disamba kuma ta ƙara Nijar cikin jerin farko, ta sa Nijeriya cikin ƙasashen da aka dakatar da ba su sabuwar bizar karatu. Jami'a tana iya cika alkawarinta na ajiye gurbi, amma ba ta da iko a kan ofishin jakadanci. A irin wannan hali maganar Hausawa cewa ƙwai a baka ya fi kaza a akurki ba tsoro ba ce, lissafi ne.

Ma'aikatan gwamnati masu neman ƙaro ilmi su ma abin ya shafe su ta wata fuska. Sau da yawa takardar karɓa takan zo kafin a amince da hutun ƙaro ilmi, sai ma'aikaci ya nemi jami'a ta ɗage masa. Jami'ar tana iya yarda, amma mai ba da tallafin ya ƙi. Tallafin Chevening na gwamnatin Birtaniya, alal misali, ba a ɗage shi. Wanda bai tafi a shekararsa ba sai ya sake nema daga farko.

A Jami'o'in Nijeriya

Ɗagewa ba baƙuwa ba ce a jami'o'in Nijeriya, sai dai manufarta dabam ce. Ba a ɗauke ta hanyar tarbiyya ba, uzuri ne ake karɓa saboda rashin lafiya ko rashin kuɗi ko haihuwa ko makamantansu. Abin da aka fi sabawa da shi shi ne ɗalibi ya karɓi gurbin, ya biya kuɗi ya yi rajista, sa'an nan ya rubuta takarda ta hannun shugaban sashe da shugaban tsangaya zuwa ga hukumar jami'a, kuma zangon karatu na shekara guda akan bayar. Wanda ya karɓi takardar shiga ya ajiye a akwati ya tafi harkarsa, yana zaton gurbin yana nan yana jiransa, to ya fasa ke nan a idon hukuma, kuma sakamakon jarrabawar JAMB ba ya wuce shekararsa.

Dalilin da ya sa al'adar ba ta kama ƙasa ba a fili yake. Matashin Nijeriya ba ya rasa shekarun giɓi, tilas ce take ba shi su ba tare da ya roƙa ba: shekarar jiran gurbi, da shekarar sake jarrabawa, da yajin aikin malaman jami'a irin na wata 9 a 2020 da na wata 8 a 2022. Ga shi kuma agogo yana bin sa, domin wanda ya gama digiri bayan ya haura shekara 30 ba ya zuwa hidimar ƙasa da aka kafa a 1973, kuma ma'aikatu masu zaman kansu da yawa suna iyakance shekarun waɗanda za su ɗauka. Duk da haka akwai waɗanda shekarar take zo musu da tsari. Yaran da suka gama sakandare ba su kai shekara 16 ba, wadda ita ce mafi ƙarancin shekarun shiga jami'a, dole su jira, kuma wasu iyaye a Arewa sukan yi amfani da wannan lokaci su sa yaro ya kammala haddar Alƙur'ani, ko ya zauna a shagon wani ɗan'uwa ya koyi ciniki ko ɗinki ko gyaran waya. Bambancin waɗannan da takwarorinsu na Amurka shi ne su ba su da gurbi a ajiye, sai sun sake zama jarrabawa a shekarar da suka cika sharaɗin.